Kurakuran da masu koyon lura da numfashi suka fi yi

Shekara huɗu ke nan muna taruwa a zauren gidanmu, a wani ƙauye da ke kusa da Ringim, muna koyon natsuwa ta hanyar lura da numfashi bayan sallar la'asar, kuma na gaji da ganin kowane sabon zuwa yana faɗawa ramin da na taɓa faɗawa.

Kuskuren da ya fi cina shi ne ɓoye asalin abin. Wannan horo ya samo tushe ne daga koyarwar Buddha, wanda aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, kuma a harshen Pali, wato harshen tsoffin littattafan mabiyansa, ana kiran horon anapanasati. A 1979 ne wani masani Ba'amurke mai suna Jon Kabat-Zinn ya kafa shirin rage damuwa na mako takwas a Jami'ar Massachusetts ta Amurka, inda ya ɗauki dabarar ya bar ibadar addinin. Ni kuwa da na fara, sai na ce wa mutane hutun ƙwaƙwalwa ne kawai, na kuma riƙa tura ƙyauren zaure. Ba a yi wata guda ba wani yaro ya binciko sunan Buddha a wayarsa, magana ta zaga gari cewa tsafi muke yi, surukina kuma ya daina amsa gaisuwata har bayan girbin gero. Sai da na durƙusa gaban liman da dagaci na yi bayani dalla-dalla kafin ƙura ta lafa. Yanzu ƙofa a buɗe take, kuma ranar farko nake faɗa wa mutum inda abin ya fito, da cewa babu gunki, babu karatun wani addini, kuma ba ya maye gurbin salla ko zikiri. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya tambayi malaminsa, idan an hana shi ya bari.

Na biyu shi ne ƙoƙarin korar tunani gaba ɗaya. Wa ya gaya muku ana iya wannan? Na yi watanni ina murtuke fuska ina cije haƙora, ban tashi da komai ba sai ciwon kai, yau ga shi ina kallon samari suna yin haka, sannan su ce abin ba ya aiki. Aikin shi ne ka kula da iskar da ke shiga da fita a bakin hancinka, idan hankali ya tafi kan kuɗin taki ko bashin da ake binka a kasuwa, ka gane ya tafi, ka dawo da shi ba tare da tsangwamar kanka ba. Ni ƙirgawa nake yi daga ɗaya zuwa goma, idan na ɓace in koma farko, kuma minti goma ya ishi mai koyo.

Kada a zauna bayan an ƙoshi da tuwo, domin gyangyaɗi yana cikin shingaye biyar masu hana natsuwa da mabiya Buddha suka lissafa. Harɗe ƙafafu irin na hotuna ba dole ba ne, tabarma da jingina da bango sun wadatar. A kashe waya. Wanda kuma damuwa ta hana shi barci da cin abinci na makonni, ba na karɓarsa a zaure sai ya fara ganin likita, ko da zai kai shi asibitin Dawanau a Kano.