Yadda nake cin abinci da jakar ciki da mannewar hanji

Shekara 3 ke nan da aka fito mini da ƙarshen ƙaramin hanji ta gefen ciki, abin da likitoci ke kira sitoma. Ta nan bayan gida ke fita, ya taru a jakar da nake mannawa a kan ciki. Daga baya tabon aikin ya manne hanjin a wani wuri, hanya ta ƙuntace. Babu abincin da ke narkar da wannan tabo. Iyakar abin da ke hannunmu shi ne kada mu tura masa abin da ba zai wuce ba.

Aikin farko na haƙora ne. Ina tauna kowace loma sai ta zama kamar kunu a baki kafin in haɗiye. Ran da na yi gaggawa, na watsa gyaɗa cikin tafin hannu guda ina hira, a asibiti na kwana. Tun daga ranar nake ajiye cokali tsakanin loma da loma, ko da kowa ya tashi ya bar ni a wurin.

Ku raba cin gida 5 ko 6 a yini, kaɗan-kaɗan. Makonni 6 zuwa 8 na farko bayan aiki a tsaya kan mai laushi: farar shinkafa, dankalin da aka fere, ƙwai, kifi, ayaba nunanniya. Masu haɗarin su ne masu ɓawo da zare-zare, irin su masara, gugguru, kwakwa, abarba, ɗanyen kabeji da fatar tumatir. Ba duka ne za su dame ku ba, cikin kowa da halinsa. Ni nakan gwada abu ɗaya tak, cokali biyu, da rana ba da dare ba, in rubuta a ɗan littafina, in jira kwana biyu. Kayan lambu kuwa sai an fere, an dafa lugub, ko an markaɗe.

Ruwa ma sai da dabara. Babban hanji ne ke tsotse ruwa da gishiri, mu kuma abincinmu ba ya kai wa can. Idan jakar ta fara cika da ruwa tsululu, tsabar ruwa ba ya maido abin da aka rasa. Ku riƙa kurɓar ruwan gishiri da sukari na ORS. Fitsari ya yi duhu ko jiri ya kama ku, to jiki ya fara bushewa.

Toshewa tana zuwa da murɗar ciki, kumburi, tashin zuciya, sitomar ta kumbura, fitar ta tsaya ko ta koma ruwa mai wari. Nan take nakan daina cin abinci, in kurɓi ruwan ɗumi, in kwanta in naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji ina shafa ciki a hankali. Don Allah kada ku sha maganin da ke sa gudawa, kada kuma ku cusa komai cikin sitomar. Idan amai ya fara, ko ciwon ya tsananta, ko awa 6 ta wuce babu abin da ya fito, ku daina shan komai, ku ɗauki jakunkunan canji ku tafi asibiti.