Kurakuran da aka fi yi wajen hawan duwatsun Tromso da takalmin dusar ƙanƙara a Nuwamba

Wanda ya tsaya a bakin teku a birnin Tromso, can arewacin Noway, ya hangi dutsen Tromsdalstinden ya yi fari fat a watan Nuwamba, sai ya ɗauka tafiyar hantsi ce. Kallon kitse yake yi wa rogo. Tsayin dutsen mita 1,238 ne, kuma daga ƙasa sosai ake fara hawansa. Yawancin kurakuran baƙi, ɗalibai ne ko 'yan yawon buɗe ido, tushensu ɗaya ne: suna cikin gari suke yanke hukunci a kan abin da ke sama.

Babbansu shi ne lissafin rana. Mu da muka saba magariba ba ta yi sai bayan ƙarfe shida, jikinmu ba ya yarda cewa duhu zai iya rufe mutum da azahar. A Tromso kuwa, a tsakiyar Nuwamba, wajen awa huɗu rana take yi a sama, kafin ƙarfe biyu ta faɗi. Daga wajen 27 ga watan ma ba ta ƙara leƙowa sai tsakiyar Janairu, sai ɗan haske mai shuɗi-shuɗi da tsakar rana. Ga shi tafiya a dusar ƙanƙarar da ba wanda ya riga ka takawa tana iya cin ninkin lokacin da taswira ta nuna, don lissafin taswirar na bazara ne. Gyaran a nan shi ne ka fita tun da sauran duhu, hasken ya same ka a hanya, sannan tun a gida ka tsayar da ƙarfen da za ka juyo. Idan ya buga, ka juyo, ko da kana hangen ƙololuwar a gabanka. Tocilan ta goshi dole ce, da batir na canji a aljihun ciki, domin sanyi yana zuƙe batir. Wayarka ma can ne wurinta, kusa da fata.

Sai kuma yarda da takalmin dusar ƙanƙara fiye da kima. Faffaɗan abu ne kamar faifai da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi don ya raba nauyin mutum, kada ya nutse. Iyakar aikinsa ke nan. A ƙarshen kaka dusar ba ta gama kwanciya ba: gindin dutse laka ce da saiwoyi, tsakiya duwatsu ne da ƙanƙara ta lulluɓe, sai can sama ake samun mai zurfi. Wanda ya ɗaura shi tun daga bakin titi zai ta tuntuɓe, ya dakushe haƙoran ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, wataƙila ma ya tsinke igiya. Ka ɗaure shi a bayan jaka har sai ƙafarka ta fara nutsewa ta wuce idon sawu. Inda kuma iska ta share gangara ta bar ƙanƙara mai tauri da santsi, wannan takalmi ba ya riƙe mutum, musamman idan ana ratsa gangarar ta gefe. Wurin yana son ƙusoshin ƙarfe da ake sa wa takalmi, in babu su a koma.

Siririyar dusar nan ta farko ita ce ta fi ba ni tsoro, don rufa-rufa take yi. Tana shimfiɗuwa a kan ramukan da ke tsakanin manyan duwatsu, ta rufe ƙoramun da ba su gama daskarewa ba. Mutum na tafiya sumul sai ƙafa ɗaya ta zurma har cinya, takalmin ya maƙale, gwiwa ta murɗe. Ka riƙa caka sanda a gabanka, ka kasa kunne ko za ka ji kukan ruwa a ƙarƙashi. Tabki kuwa, komai farinsa da shimfiɗarsa, a wannan wata zagaye shi ake yi.

Wasu na cewa ai dusar ba ta yi yawan da za ta zaftare ba. Amma iska ce ke kwashe ta daga tudu ta jibge a kwazazzabai da bayan duwatsu, sai ka tarar da tuli mai kauri a wuri guda alhali kusa da shi ciyawa na leƙowa. Gangarar da ta kai digiri 30 ko fiye ita ce ke ɓallewa, kuma wanda ke tafiya a gindinta ma bai tsira ba. Shafin Varsom na hukumomin Noway yana auna haɗarin daga mataki 1 zuwa 5, amma rahotonsa na kullum sai 1 ga Disamba yake farawa. Saboda haka shirun da ka gani a Nuwamba kada ka fassara shi da lafiya lau. Ka duba hasashen iska a Yr, shafin hasashen yanayi na Noway, ka zaɓi hanyar da gangararta ba ta da tsanani sosai. Sabon shiga ya fara da dutsen Floya, mai mita 671, wanda ke saman tashar Fjellheisen, motar igiya mai ɗaukar mutane zuwa kan dutse, ya bar Tromsdalstinden sai ya sami wanda ya san shi.

Maganar sutura kuwa, kuskuren ba ƙarancinta ba ne, yawanta ne. Mai tsoron sanyi yakan jibga duk abin da ya mallaka, minti ashirin da fara hawa ya jiƙe sharkaf da gumi. Da ya tsaya hutawa a inda babu bishiya, iska ta bi ta jiƙaƙƙiyar rigar, nan take haƙora su fara haɗuwa. Singiletin auduga da wandon jins su suka fi cutarwa, don auduga tana shan gumi ta riƙe. Ka sa ulu a jikin fata, wata mai ɗumi a kai, sai mai tare iska a waje. Ka fara tafiyar kana ɗan jin sanyi, babbar rigar tana cikin jaka, da ka tsaya ka zura ta kafin jiki ya huce. Safar hannu biyu ake ɗauka, domin ta farko sai ta jiƙe.

Ga wanda salla za ta riska a sama, ya yi alwalarsa tun a gida. Jiƙa hannu da fuska a cikin wannan iska hanya ce ta daskarar da fata. Idan ka ga hanci ko kuncin abokin tafiyarka ya yi fari kamar kakin zuma, kada a murza, kada a goga masa dusar ƙanƙara. A dafa wurin da tafin hannu mai ɗumi, yatsu kuma a cusa su a hammata.

Sanyi yana ɓoye ƙishirwa, sai mutum ya wuni bai kurɓi komai ba. Shayi mai zafi a fulas, dabino da gyaɗa a aljihu, ana ci ana tafiya.

Saukowa ce ake rainawa, alhali a nan gajiya da duhu suke haɗuwa. Kada ka dogara da sawunka, iska tana iya share shi cikin ɗan lokaci. Ka sauke taswira a waya tun a gida, ka riƙe ta takarda da kamfas. Idan takalminka yana da ɗan ƙarfen ɗaga dunduniya na hawa, ka kwantar da shi, ka ƙara tsawon sandunanka, ka riƙa dasa dunduniya da farko, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Kafin ka bar gida kuma ka gaya wa wani dutsen da za ka hau, hanyar da za ka bi, da ƙarfen da in ya wuce bai ji ka ba zai kira lambar gaggawa 112.