Babi na Shida: Renon Tumatir Daga Iri a Ɗaki

Duk mai zuwa cefane Kejetiya ko kasuwar Asawase a nan Kumasi, ƙasar Ghana, ya san halin tumatir. Wani wata a cika maka kwano da kuɗi kaɗan, wani wata kuma ka ƙirga guda huɗu a hannu kana tsaki. Da damina yana zuwa mana daga Akumadan da Tuobodom da kewayen Techiman. Idan rani ya yi, 'yan kasuwa sukan bi ta Paga har Burkina Faso su sayo, kuɗin mota kuwa a kan mai saye yake ƙarewa. Tukwane biyar a tsakar gida ba za su raba ku da kasuwa ba, kada wani ya ruɗe ku. Amma za su ba ku na miyar kwana da kwanaki, kuma akwai wani daɗi da ba a saye: ka leƙa gwangwani da asuba ka tarar abin da ka binne ya ɗago kai.

Me ya sa a ɗaki?

Tumatir ya fi rauni a makonni huɗu na farko. Ruwan Kumasi idan ya sauko da ƙarfi yakan kwantar da ƙaramin tsiro ya binne shi a laka. Wanda ruwa ya bari, kajin maƙwabta su tone, ko akuya ta lashe. A gidan haya mai ɗakuna goma ba ka da ikon hana kowa kiwo. Saboda haka ake renonsa a bakin taga ko a baranda, inda ido yake kansa, sai ya yi ƙwari a fitar da shi.

Iri

A shagon kayan noma za ku samu iri a ƙulle cikin takarda ko gwangwani. Pectomech da Roma sanannu ne a ƙasar nan, manoma kuma sun daɗe suna shuka na gida da ake kira Power Rano. Ga inda karatunku zai yi amfani: ku duba bayan takardar ku karanta watan da shekarar da irin zai daina aiki. Idan kun ga an rubuta F1, to irin haɗi ne. Yana ba da amfani sosai, amma idan aka cire 'ya'yansa aka sake shukawa ba ya fitowa kamar uwarsa.

Wanda ba ya son saye yana iya cirewa da kansa. A zaɓi tumatir na gida da ya nuna sosai, marar tabo. A matse 'ya'yan da ruwansu a kofi, a rufe da ƙyalle, a bar shi kwana 2 ya yi tsami. Tsamin nan shi ke cinye yauƙin da ya lulluɓe irin, wanda yake hana shi tsirowa da wuri. Sai a zuba ruwa a motsa. Mai kyau zai nutse, na banza ya taso a zubar. A shanya a inuwa kan faranti har ya bushe ƙayau.

Ƙasa da mazubi

Ba sai an sayi komai ba. Gwangwanin madara, ledar ruwan sha da aka yanke bakinta, tsohuwar roba, duk suna yi. Sharaɗi ɗaya ne: a huda ƙasansu da ƙusa wuri uku ko huɗu don ruwa ya riƙa tsiyayewa.

A haɗa baƙar ƙasa kwano 2, taki kwano 1, yashi kwano 1. Takin ya zama wanda ya ruɓe ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. Kada kuma a ɗebo ƙasar bakin kwata, ko da ta yi baƙi ta yi kyau a ido.

Akwai aiki ɗaya da mutane suke ƙyuya a kansa, ni kuwa ina ganin ya fi komai a babin nan: dafa ƙasa. A yayyafa mata ruwa, a zuba a tsohuwar tukunya, a rufe, a ɗora a murhu kamar minti 30 har tururi ya ratsa ta. Sai a sauke ta huce sarai kafin a shuka. Zafin yana kashe ƙwayoyin cutar da ke sa tsiro ya ruɓe daga gindi ya faɗi. Mai yin haka za a yi masa dariya a tsakar gida.

"Inna, yau ƙasa za mu ci?"

"Ke dai miƙo mini murfin, 'yar nan. Ranar da ya nuna za ki zo da kwanonki."

Shuka

A jiƙa ƙasar tukuna. A yi ɗan rami da kan tsinke, zurfin rabin santimita, wato bai kai faɗin farcen ƙaramin yatsa ba. A sa iri 2 a kowane mazubi, a rufe da ƙasa sama-sama. Wanda aka binne da zurfi ƙarfinsa yakan ƙare kafin ya iso sama. Zafin ɗakunanmu ya ishe shi, ba ya bukatar wani ɗumi. Tsakanin kwana 5 zuwa 10 za ku ga wani ɗan farin abu a lanƙwashe ya ɓullo, kashegari ya miƙe ya buɗe ganye biyu sirara. Wani ma yakan fito da ɓawon irin a kansa. Ku kira yara su gani, su ne za su riƙa riga ku zuwa wurin kullum.

Waɗannan biyun ba su ne ganyen tumatir na ainihi ba. Na ainihi yana biyo baya, mai tsaga-tsaga da gashi, idan ka murza shi ka ji ƙanshin tumatir a yatsa. Da ya fito, a duba kowane mazubi: idan duka biyu sun tsiro, a bar mai ƙarfin, a datse ɗayan daga gindi. Da wuya a zuciya, amma biyu a gwangwani ɗaya duk ramewa suke yi.

Haske da ruwa

A nan ne yawancin masu reno a ɗaki suke asara. Kafin iri ya tsiro bai damu da duhu ba. Ranar da ya tsiro kuwa, haske yake nema. Ɗakunan Aboabo da Sabon Zongo da yawa taga ɗaya gare su, ita ma tana kallon bangon maƙwabci. Tsiron da aka bari a irin wannan wuri zai yi tsawo, siriri, fari-fari, ya karkata wajen taga, daga baya ya kife. Tsawon nan yunwar haske ce. A nemo masa wurin da ranar safe take faɗowa, a riƙa juya mazubin kullum don kada ya karkace. Idan ɗakin ba shi da irin wannan wuri, a jera gwangwanayen a tire, a fitar da su baranda da safe, a shigar da su da yamma ko idan hadari ya haɗu. A lulluɓe su da guntun tsohon gidan sauro. Yana tare kaji, yana kuma rage farin ƙuda, ƙaramin ƙwaron nan da ke kawo cutar da take nannaɗe ganye ta mai da shi rawaya.

Ruwa kuma da safe, kaɗan, a gindi. Tsiro kamar jariri yake, ɗura ta fi yunwa saurin yi masa illa. Ku taɓa ƙasar da yatsa: idan da danshi, a bari sai gobe. Da hunturu tana saurin bushewa, sai a duba sau biyu a rana.

Dashe

Bayan mako 3 zuwa 4, idan ya yi ganyen ainihi 4 ko 5 kuma tsawonsa ya kai santimita 10 zuwa 15, ya isa dashe. Mako guda kafin nan a fara saba masa da waje, kullum a ƙara masa lokacin rana, a ɗan rage ruwa. A dasa da yamma, a bokiti mai cin lita 20 ko buhun shinkafa da aka huda, tsiro ɗaya a kowanne. A fito da shi da ƙasarsa, a binne karan har kusa da ganyen farko, domin karan tumatir yana fitar da saiwa duk inda ƙasa ta rufe shi. A kafa masa sanda tun ranar. Mai fili a bayan gida ya bar santimita 60 tsakanin layi da layi. Wanda ya shuka a Fabrairu zai dasa a Maris, farkon babbar damina. Na Agusta kuma ya tarar da ƙaramar damina a Satumba. Daga dashe zuwa tsinkar farko wata biyu ne zuwa uku.

Aikin wannan mako

Kowa ya shuka gwangwani 6. Ku rubuta ranar shukar a takarda ku liƙa a jikin gwangwani, ku kuma rubuta ta a littafinku. Ranar da na farko ya tsiro, ku rubuta ita ma, sannan ku lissafa kwana nawa ne a tsakani. Idan an sa iri 2 a kowane gwangwani, guda 9 suka tsiro, nawa ne suka ƙi? Ku zo da amsar da gwangwani ɗaya aji na gaba.