Kurakuran da aka fi yi wajen karanta malaman tarihi na Turai na ƙarni na 15 zuwa na 17

Kusan duk shekara sai wani ɗalibi ya kawo mini takarda yana kiran Jean Bodin, malamin Faransa na ƙarni na 16, "uban tarihin zamani". Ni ma na taɓa rubuta haka a kundina, kuma na sha kunya. Na yi ta yabon littafinsa na 1566, Methodus, inda ya koyar da yadda ake auna marubucin tarihi: shin ya ga abin da idonsa, yana da ubangida da yake faranta wa, ya taɓa riƙe mulki ko yaƙi? Mai jarrabawa ya bari na gama, sannan ya tambaye ni wa ya rubuta littafin 1580 da ke neman a hukunta mayu da kisa. Bodin ɗin ne dai. Na yi tsuru-tsuru, aka ce in sake babin gaba ɗaya, wata uku ya ci mini.

Laifina shi ne na tsinci abin da ya yi kama da tunaninmu, na share sauran. Mutumin da ya ƙi yarda da tsohon ra'ayin nan da ke raba tarihin duniya zuwa zamanin manyan dauloli huɗu masu bin juna shi ne kuma ya yarda yanayin ƙasa da lissafin lambobi suna juya halin al'umma. Tun daga ranar, ba na yabon malami sai na karanta aƙalla littafinsa guda wanda zai ba ni haushi.

Na biyu, kuma wannan na ku ne ɗalibai, ba nawa ba: ku daina ɗauko jawabin sarki ko na sarkin yaƙi daga tsohon littafi kuna cewa "ga abin da ya faɗa". Marubucin ne ya tsara masa, kuma masu karatu na lokacin sun sani. Darasin balaga da siyasa suke nema a ciki. Wa ya tsaya da alƙalami a bakin daga?

Lorenzo Valla kuwa, malamin Italiya, gaskiya ne a 1440 ya tona cewa takardar kyautar Konstantin, wadda ke iƙirarin cewa Sarkin Rum Konstantin ya ba Paparoma mulkin Rum da yammacin daular, jabu ce, ta hanyar bin kalmomin Latin ɗinta. Amma a lokacin yana yi wa Sarki Alfonso na Aragon aiki, shi kuma Alfonso yana rigima da Paparoma. Ku rubuta duka biyun.

Kada ku haɗa shekarar rubutu da ta bugu: aikin Valla ya daɗe yana yawo a rubutun hannu kafin ya shiga injin buga littattafai.