Yadda Ake Zaɓar Safar Hannu Ta Wasan Zamiya A Kan Dusar Ƙanƙara

Sanyin hunturu da muka sani yana fasa leɓe da dugadugai, amma ba ya daskarar da yatsa. Na kan duwatsun da ake wasan zamiya, irin su Uludag a Bursa da Erciyes a Kayseri ta Turkiyya, ko duwatsun Alps, yana iya yin haka. Duk hawan mita 1,000 zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5, kuma mai zaune a kujerar kebul, wato kujerar da ke rataye a igiyar ƙarfe tana hawa da mutane kan dutse, ba ya motsi, iska tana ta dukansa. Hannu ne ke fara jin jiki.

Safar hannu iri biyu ce: mai yatsu biyar a rarrabe, da mai aljihu guda, wadda yatsu huɗu ke zama wuri ɗaya, babban yatsa kuma yana da nasa ɗakin. Ta biyun ta fi ɗumi, don yatsun suna ɗumama juna, kuma faɗin wurin da iska ke bugawa ya ragu. Abin da ka rasa shi ne sauƙin riƙe ƙananan abubuwa, kamar jan zik ko danna waya. Idan sanyi ya kai digiri 10 ƙasa da sifili, mai aljihu guda ce zaɓi. Akwai ta tsakiya, wadda aka ware wa manuniya ɗakinta. Tana da kyau ga mai yawan ɗaure takalmi da kwancewa, sai dai manuniyar ce za ta fara yin sanyi.

Kafin ka biya kuɗi, duba hawa uku. Na waje shi ne bango: fatar akuya a tafin hannu, nailan mai kauri a baya. Fata ta fi jure gogayyar sandar dogarawa da kaifin gefen allon da ake takawa a yi zamiya. Ƙarƙashinta akwai siririn mayafi irin Gore-Tex, mai hana ruwa shiga yana barin tururin gumi ya fita. Sai abin riƙe ɗumi. Gashin agwagwa ya fi kowa ɗumi da rashin nauyi, amma da zarar ya jiƙe sai ya dunƙule, ya zama ba shi da amfani. Zaren roba irin PrimaLoft ko Thinsulate yana riƙe ɗumi ko da ya ɗan jiƙe, shi ya sa ya fi dacewa da sabon shiga, wanda rabin yininsa a ƙasa zai yi shi. Ana rubuta kaurinsa da giram: 100 ya ishi matsakaicin sanyi, 200 na tsananin sanyi ne.

Abin da ya fi sanyaya hannu, gumin mutum ne da kansa. Mutum ya sayi safa mafi kauri, ya yi ta hawa da sauka har hannunsa ya jiƙe sharkaf, ya zauna a kujerar kebul minti goma, sai danshin nan ya yi sanyi kamar ruwan randa. Maganinsa siririyar safar ciki ta ulu ko ta zaren roba, wadda ke janye gumi daga fata. Riƙe guda biyu, ka sauya da tsakar rana. Kada ka sa ta auduga ko kaɗan, don auduga tana shan gumi ta riƙe. Safar cikin tana da wani amfanin: in ka cire ta waje don ɗaukar hoto, fatarka ba ta fito tsirara ba.

Girma kuwa, auna shi da tef ɗin tela. Zagaye tafin hannu ta kan gaɓoɓin yatsu, ban da babban yatsa. Kamfanonin da ke amfani da lamba, kamar Hestra na Sweden, lambarsu tana tafiya kusan daidai da inci: inci 9, lamba 9. Gwada ta da safar ciki a hannunka, ka dunƙule hannu. Ya kamata a sami sararin kusan rabin santimita a gaban yatsa mafi tsawo. Matsattsiyar safa tana danne abin riƙe ɗumin, tana kuma tsuke jini, ka ga an yi ba a yi ba.

Mai dogon wuya tana hawa kan hannun jaket a ja igiyarta a tsuke, ita ce ta dace da ƙanƙara mai zurfi. Gajeriya tana shiga ƙarƙashin hannun riga. Ko wacce ka ɗauka, ta kasance da igiyar da ake ratayawa a wuyan hannu, domin safar da ta suɓuce daga kujerar kebul sai dai a yi mata addu'a.

Mai hawa allo guda yana yawan dafa ƙanƙara, kuma raunin da ya fi samun sababbi shi ne karayar wuyan hannu. Ya sayi kariyar wuyan hannu tukuna, sannan ya gwada safar a kanta, sau da yawa sai an ƙara lamba ɗaya. Mai siki, wato mai zamiya da siraran alluna biyu a ƙafa da sanduna biyu a hannu, shi kuma, babban yatsansa ne ke cikin haɗari: in ya faɗi da sanda a hannu, sandar tana banƙare yatsan har jijiyar tushen yatsan ta yage. Ya koyi sakin sanda idan zai faɗi.

Ƙananan fakitin ɗumama hannu garin ƙarfe ne da gishiri da gawayi a ciki. Iska na shiga sai ƙarfen ya fara tsatsa yana fitar da zafi na sa'o'i da dama. Buɗe shi minti goma kafin ka fita, ka sa shi a bayan hannu, tsakanin safar ciki da ta waje. Kuma rufe ƙirji da kai sosai, don jiki in ya ji sanyi a tsakiya, daga yatsu yake fara janye jini. Sigari ma yana tsuke jijiyoyin jini.

Idan yatsa ya daina jin taɓi, ya yi tauri, shiga ɗaki nan take. A baƙar fata canjin launi ba ya fitowa da wuri, yana iya zama toka-toka kawai, don haka kada ka jira ka ga fari. Kada a murza, kada a kanga a wuta ko hita. A tsoma a ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39, kuma in ƙuraje masu ruwa suka fito, sai asibiti. Mai ciwon sikila ya ga likitansa kafin tafiyar, domin sanyi da ƙarancin iskar kan dutse duka suna tayar da ciwon.

Da yamma zaro safar ciki, ka cusa takardar jarida a ta waje, ka bar ta a tsaye bakinta a buɗe, nesa da hita, don zafi kai tsaye yana busar da fata ta tsattsage. In ruwa ya daina taruwa ɗigo-ɗigo a kan fatar ya fara shiga, shafa mata man fata mai kakin zuma da tsumma, musamman a bakin ɗinki, ka bar ta ta kwana.