Mota na shan ruwa tana zafi: kurakuran da ake tafkawa wajen neman yoyo

Ruwan da ke zagaya injin mota a rufe yake, ba a yi masa hanyar fita ba. In ka ga kullum sai ka ƙara ruwa a lagireto, to akwai inda yake zurarewa, ko idonka ya gani ko bai gani ba. Kuskuren da ya fi yawa ke nan: mutum ya ajiye jarka a but, ya ɗauki ƙarin ruwa a matsayin gyara. Ni ma na yi haka kusan wata biyu, ina cewa ai ɗan kaɗan take sha, har ranar da allurar zafi ta haye ja ina tsakiyar hawa, tururi ya turnuƙe gaban motar. Abin da tiyo ɗaya zai magance sai da ya kai ga sauke kan inji.

In hakan ta same ka, gangara gefe ka kashe mota. Kada ka ce bari in lallaɓa in ƙarasa. Kan injin yawancin motocin yanzu na alminiyam ne, zafi na yin yawa sai ya lanƙwashe, gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone. Kada kuma ka taɓa murfin lagireto. Murfin nan yana riƙe matsi kusan bar 1 (bar ma'aunin matsi ne), shi ya sa ruwan da a fili yake tafasa a digiri 100 yake iya kaiwa wajen 120 a ciki bai tafasa ba. Kana murɗe shi matsin ya tafi, ruwan ya yi tsartuwa ya sale maka hannu da fuska. Jira aƙalla minti 30, sai tiyon sama ya huce ya yi laushi in ka matsa. Masu kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi kuwa, tsagewar ƙarfe suke saya da hannunsu. Ka kuma janye yatsunka daga fanka, don mai aiki da lantarki takan tashi ko da mota a kashe.

Wajen neman yoyon aka fi yin aika-aika. Mutum ya leƙa ƙarƙashin mota, bai ga ɗigo ba, sai ya ce babu yoyo. Alhali ƙaramin tsagu ba ya buɗewa sai inji ya ɗauki zafi matsi ya hau, kuma abin da ya fito a kan ƙarfe mai zafi yake sauka ya bushe nan take. Sawunsa za ka bi: wani fari-fari ko kore-kore da ya daskare kamar gishiri a bakin tiyo, gefen kilif, ko inda tankin roba ya haɗu da jikin lagireto. Famfon ruwa yana da ɗan rami a ƙasansa wanda yake fara tsiyaya in robar cikinsa ta mutu, dubi nan da tocila. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ya kwana, da safe ka ga ta ina tabo ya fito. Wani kuma akasin haka yake yi, ya ga ruwa garau mara wari na ɗiga bayan ya kunna esi, hankalinsa ya tashi. Wannan gumin esi ne, ba komai.

Abin da ya fi duk wannan sauƙi shi ne famfon gwajin matsi. Ana ɗaura shi a gurbin murfi inji na sanyi, a buga iska daidai lambar da ke rubuce a murfin, a zuba wa allura ido. In tana sauka, akwai yoyo, kuma sau da yawa za ka ga ɗigon da idonka. Bakaniken da ya ce a sayo sabon lagireto bai yi wannan gwajin ba, canki-canka yake yi da aljihunka. A gwada murfin shi ma, don in robarsa ta ci, ruwa zai riƙa gudu a matsayin tururi ba tare da ka ga ko ɗigo ba.

In matsi na sauka amma waje a bushe, ruwan ciki yake shiga. Taɓa kafet ɗin gaba, wajen ƙafar fasinja: in da danshi, gilashi na yin hazo da wani wari mai zaƙi-zaƙi, ƙaramin lagireton hita ne ya fashe. Farin hayaƙi mai kauri daga salansa bayan mota ta yi zafi, kumfa na tasowa a tankin ruwa, ko baƙin mai ya koma kamar an dama shi da madara, duk gaskit ɗin kan inji suke nunawa. A nan garin toshe yoyo da ake zubawa a lagireto ba zai fisshe ka ba. Ni ban yarda da shi ba sai dai don a kai mota gareji, domin yadda yake toshe rami haka yake toshe siraran hanyoyin lagireto.

Akwai kuma masu cire tamostat su yar, wai shi ke kawo zafi. Aikinsa ya tsare ruwa har inji ya kai zafin da ya dace, wajen digiri 82 zuwa 90 a yawancin motoci, sannan ya buɗe. In ya maƙale a canza shi. Cire shi na sa inji ya daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai, yoyon kuma na nan inda yake.

Wani kuskuren kuma, an gama gyara, sai a cika da ruwan famfo zalla. Tsatsa da ƙanzo za su biyo baya. Yi amfani da kulan, wato ruwan sanyaya inji, irin wanda littafin motar ya faɗa, rabi da rabi da tataccen ruwa in ba haɗaɗɗe ka saya ba, kuma kada launi ya ruɗe ka har ka gauraya iri biyu. Tsohon da ka juye ka kawar da shi nesa, yana da zaƙi amma guba ne ga yara da dabbobi. Sannan a fitar da iskar da ta maƙale: bar murfi a buɗe inji na sanyi, kunna hita har ƙarshe, tada mota ka bar ta har tiyon sama ya yi zafi kumfa ta daina fitowa, ka cike ka rufe. Washegari da safe, kafin ka tada ta, sake duba ko ruwan na tsakanin layuka biyun da ke jikin tanki.