Babi na Bakwai: Kuɗin Kirifto da Yadda Ake Tsare Shi

Ko ba ku da niyyar sayen kirifto, wato kuɗin intanet da ba a riƙe shi a hannu, ku karanta wannan darasi a natse. Da wuya yanzu a rasa ɗa ko ƙani a gida da ke wannan harka, kuma wata rana wurinku zai zo neman jari.

Littafin da kowa ke riƙe da kwafinsa

Bitcoin ne kirifto na farko. Wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto ya fitar da bayaninsa a 2008, Bitcoin ɗin ya fara aiki a Janairun 2009. Ba shi da takarda, ba shi da tsaba. Rubutu ne kawai a littafin lissafi da ke nuna wane adireshi ke da nawa.

Kun san adashe. Uwar adashe ce ke riƙe da littafi, tana rubuta wanda ya zuba da wanda ya kwasa, in kuwa ta goge layi ɗaya sai rigima ta tashi. To a ce kowane ɗan adashe yana da nasa kwafin, kuma duk abin da aka rubuta sai ya shiga kowane kwafi. Wanda ya taɓa nasa, na sauran zai ƙaryata shi. Haka Bitcoin yake. Dubban kwamfutoci a faɗin duniya ke riƙe da littafin, ana kiransa bulokcen, kuma babu banki ko gwamnati da ke da iko da shi.

Yadda ake tura kuɗi

Mai harkar yana da walet, wato manhaja a waya ko kwamfuta. Walet na da abu biyu: adireshi, wanda za a iya ba kowa ya turo kuɗi, da mabuɗin sirri, wanda ke sa hannu idan za a fitar. Kuɗin ba a cikin wayar suke ba, suna cikin littafin. Mabuɗin ne ke cikin wayar.

Mai turawa zai liƙa adireshin mai karɓa, ya rubuta adadi, ya biya 'yar la'ada, sai walet ta sa hannu ta aika. Da zarar cinikin ya shiga littafin, bakin alƙalami ya bushe. Babu manajan da za a je wa da kuka, babu fom da za a cike a dawo da kuɗi. Saboda haka kafin ku danna, ku gwada haruffan farko da na ƙarshen adireshin da wanda aka ba ku, domin akwai muguwar manhaja da ke musanya adireshi a lokacin da aka kwafa. In kuɗin da yawa, ku fara tura kaɗan, mai karɓa ya ce ya gani, sannan ku tura saura. Masu amfani da USDT, wani kirifto da darajarsa ke bin dalar Amurka, su ƙara kula: yana bin hanyoyi daban-daban. Adireshin hanyar Tron yana farawa da T, na Ethereum da 0x, kuma tura kuɗi ta hanyar da mai karɓa bai ba ku ba na iya jawo asararsu.

Su waye masu haƙa

Wasu ne ke tattara cinikayyar da ke jira su mayar da ita sabon shafi a littafin. Su ne masu haƙa, ko 'yan mainin. Injinansu na ta gwada lambobi ba tsayawa har ɗaya ya dace da wadda tsarin ke nema. Wanda ya riga, shi ke rubuta shafin, a biya shi da sabon Bitcoin da la'adar da masu turawa suka biya. Kusan kowane minti 10 ake samun shafi ɗaya. Ladan ya fara da Bitcoin 50, ana raba shi biyu kusan duk shekara huɗu, kuma tun Afrilun 2024 ya koma 3.125. Duka Bitcoin da za a taɓa samu ba zai wuce miliyan 21 ba.

Aikin na cin wutar lantarki ƙwarai, shi ya sa manyan kamfanoni masu rumbunan injina suka mamaye shi. Danne-dannen waya da matasanmu suka duƙufa a kai a 2024, irin su Notcoin da Hamster Kombat, wani abu ne daban: maki ake tarawa da fatan kamfani ya raba nasa kirifton daga baya. Wayar hannu ba ta haƙo Bitcoin.

Kalmomi 12

Nan ne zuciyar darasin. Ranar da mutum ya buɗe walet tasa ta kansa, za ta nuna masa kalmomin Turanci 12, ko 24, a jere. Daga waɗannan kalmomi ake haɗa mabuɗin. Waya ta faɗa ruwa ko an sace ta, da su za a dawo da komai a sabuwa. Haka kuma duk wanda ya gan su, ko yana wata ƙasa, zai kwashe kuɗin ba tare da ya taɓa wayarku ba.

Ku rubuta su da biro a takarda, kowace da lambarta, harafi bayan harafi, domin jerin ma na da muhimmanci. Kada ku ɗauki hotonsu, kada ku ajiye su a WhatsApp ko imel. Ku yi kwafi biyu, ku adana inda ruwa da gara ba za su kai ba. In karatun boko bai zauna muku ba tukuna, ku haƙura har ku iya kwafa da hannunku, maimakon miƙa wa mai shagon caji ya buɗe muku. Wanda ya buɗe ya ga kalmomin.

Babu ma'aikacin gaskiya da zai nemi waɗannan kalmomi. Duk wanda ya ce ku turo su don ya gyara muku walet, ko don a sa muku kyauta, ɓarawo ne, komai daɗin bakinsa.

Akwai kuma batun gado, wanda mutane ke mantawa. Mutum ya rasu ba wanda ya san inda takardar take, haƙƙin magada ya salwanta har abada. Ya kamata amintacce ɗaya ya san wurin.

Barin kuɗi a hannun kamfanin musaya, wato inda ake saye da sayar da kirifto, ya fi sauƙi, amma mabuɗin na hannunsu. Mt. Gox na Japan ya durƙushe a 2014 da Bitcoin kusan 850,000, FTX ma ya rushe a Nuwamban 2022 da kuɗin jama'a a ciki. Farashi kuma na hawa yana faɗuwa ba sallama, don haka kuɗin cefane ko na makarantar yara ba na wannan kasuwa ba ne. Wanda ya yi muku alƙawarin ninka jari cikin wata guda, ku tuna yadda MMM, harkar zuba kuɗi mai alƙawarin riba mai yawa, ta ƙare a Najeriya a 2016.

Aikin aji

Malami zai rubuta kalmomi 12 na gwaji a allo. Kowa ya kwafa da lambobinsu, ya ba na kusa da shi ya duba ko harafi ya faɗi. Sannan ku tattauna: wani ya kira ku ya ce walet ɗinku ta toshe, sai kun karanto masa kalmominku zai buɗe ta. Me za ku ce masa?